Hayaƙin Bukkar Yaya Geng

Yaya Geng, ranar tara ga watan goma hayaƙi bai tashi daga bukkarka ba. Na jira har rana ta ɗaga, sannan na ɗauki sanda na tsallaka kwarin da ke tsakaninmu. Na same ka zaune a kan tabarmar ibada, carbi a hannu, murhu ya yi sanyi. Rai ya yi halinsa.

Tun hawana dutsen Zhongnan, nan ƙasar Sin, ka kafa mana ƙa'ida: kowa ya zauna a gefensa, amma duk safiya ya duba hayaƙin ɗan'uwansa, in bai gani ba ya tsallako. Ita ta cece ni shekarar da na karye a ƙafa cikin dusar ƙanƙara. Ka zo da kunun gero da kabeji mai tsami, kana ta mita wai na ɓata maka zaman shiru, amma ba ka koma ba sai da na taka.

A wannan jinyar na kira kaina mai gudun duniya, ka yi dariya har da tari.

"Haba ƙanena, kai da ke ɓoye zuma bayan gunkin Buda, wace duniya ka guda? Mai gudun duniya ya ajiye abin da ransa ke so ne. Mai halwa shi ya rufe ƙofa da hannunsa don ibada. Mai kaɗaici kuwa ƙofarsa a buɗe take, ba mai shigowa."

"To ni wanne ne?"

"Mai halwa mai kwaɗayi. Sha kununka."

Yanzu na san na ukun, Yaya, kuma yana da ciwo. 'Yarka Sulan, da ta zo ɗaukar tokarka bayan an ƙona gawarka bisa al'adarmu, ta roƙe ni in sauko gari kafin sanyi ya rufe hanya, tunda babu sauran mai duba ni. Na ƙi, na ce ai na saba zama ni kaɗai. Ashe ban taɓa zama ni kaɗai ba. Halwa na zo yi, ta kuwa ƙare ranar da hayaƙinka ya ɗauke. Gobe zan sauka.

Buda mai jinƙai ya karɓe ka, ya haskaka maka hanya. Sulan da 'ya'yanta, ina yi muku ta'aziyya, ku yi haƙuri.

Yau da safe ma na zuba ɗanyen ganye a wuta don hayaƙin ya yi kauri, saboda idonka ya yi rauni. Sai da ya tashi na tuna.