Haƙorin da Babu Shi Ya Ceci Inna

Jama'a, yau haƙorin da babu shi ya ceci ran mahaifiyata!

Da safe Inna ta riƙe muƙamuƙi, wai haƙori ya hana ta sakat. Ta ce in kai ta Konni a cire. Daga Tsarnawa na ɗauke ta bisa moto, wato babur. A hanya na ji rigata ta jiƙe da zufarta, zufa mai sanyi. Ta ce zuciyarta na tashi, kafaɗar hagu ta yi nauyi. Na ce yunwa ce.

Munka isa likita, wato asibiti. Lokotoro ya ce, "Buɗe baki, Inna." Ya leƙa, ya dube ni.

"Wane haƙorin? Gefen ga ko ɗaya babu!"

Na fashe da dariya. Shi bai yi ba.

"Inna, ƙirjinki fa?"

"Kamar an aza mini turmi, ɗana."

Kan in ƙifta ido sun kwantar da ita, ga magani, ga na'ura! Ashe zuciya ce! Lokotoro ya ce ciwon zuciya kan ɓuya a muƙamuƙi ko hannu, musamman ga mata, kuma da mun jira da labari ya sha bamban.

Yanzu alhamdulillahi, ga ta zaune tana ba ni umarni. Lokotoro ya ce ta rage gishiri, ta bar nama mai kitse.

Inna ta harare shi.

"Nama? Da wane haƙorin?"