Ranar da Iro Mai In'ina Ya Yi Tafinta a Tafoki

Shekara goma sha bakwai ke nan da muka raka Malam Iro makwancinshi a Tafoki. Na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin sunanshi ba. Bai yi sarauta ba, bai riƙe babban ofis ba. Malamin makaranta ne na ƙauye, ya koyar a Damari da Ƙanƙara da Faskari har ƙarfinshi ya ƙare. Amma ni, Lawal, abokinshi tun muna ƙanana, na ga wani abu da idona lokacin yana ɗan shekara goma sha shida, wanda har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Iro mai in'ina ne, irin mai tsananin nan da kan sa mutum ya runtse ido ya buga ƙafa kafin kalma ta fito. Mahaifinshi, Baba Sale, manomi ne mai garken shanu. Da aka zo neman yaran da za a sa boko, ya dubi 'ya'yanshi maza huɗu ya miƙa Iro. Cewa ya yi, wanda ba ya iya kiran saniya ta juyo, ba ya iya ciniki a kasuwar shanu, shi ne garke ba zai ji rashinshi ba. A elementare ta Faskari muka haɗu, ni ɗan garin ne. Da muka gama, a farkon shekarun 1950, mu biyu aka tura makarantar midil, ta gaba da elementare, a birnin Katsina. Mukan taka da ƙafa zuwa Funtuwa, mu hau bayan motar kaya, mu isa jikinmu duk ya mutu.

Makarantar da harshe biyu take tafiya. Shekara biyu na farko, lissafi da labarin ƙasa da tarihi duk da Hausa ake koyar da su, Turanci darasi ne mai zaman kanshi. Daga aji uku sai a juya, komai ya koma Turanci, Hausa ta zama darasi guda a gefen Larabci da addini. Tsakanin biyun akwai jarrabawar baki: ka tsaya gaban malamai ka yi magana da Turanci. Wanda ya kasa sai ya naɗe tabarmarshi ya koma gida. Mu duka mun gama yanke wa Iro hukunci. Wanda bai iya harshen da ya sha a nono ba, ina zai kai na Nasara?

Malaminmu na Turanci na farko yakan tsallake shi in ana karatu ɗaya bayan ɗaya, don tausayi. Wata rana aka kawo sabon malami wanda bai san wannan ba, ya nuna Iro ya ce ya tashi ya karanta. Muka sunkuyar da kai, wasu sun fara ƙunshe dariya. Iro ya miƙe da littafin, ya fara. Labarin wani manomi ne da rijiyarshi. Ya karanta layi na farko, ya shiga na biyu, a hankali, kalma na bin kalma, har ya kai ƙarshen shafi bai sarƙe ko sau ɗaya ba. Muka dubi juna. Malamin, da yake bai san abin da ya faru ba, cewa kawai ya yi na gaba ya ɗauka.

Da muka fito na tsare shi na ce ya gaya man sirrin. Ya daɗe yana kokawa kafin ya gama ba ni amsa, amma abin da ya ce shi ne: "Hausa gudu take yi a kaina, Lawal, bakina ba ya cim mata. Wannan kuwa sai na nemo kowace kalma na ɗora ta bisa 'yar'uwarta kamar mai gini da tubali. Kafin in nemo ta, numfashina ya iso."

Daga ranar ya faɗa wa Turanci kamar mai jin ƙishirwa ya ga randa. Rubutun jikin gwangwani, na jikin mota, tsohuwar jarida da aka ƙunso ƙosai a ciki, ba abin da yake bari ya wuce. Yana da wani ɗan littafi da ya raba kowane shafi biyu, Turanci a hagu, Hausa a dama, kuma ba ya yarda ya bar dama ba komai. Wata kalmar yakan yi mako yana neman 'yar'uwarta ta Hausa, har ya je ya tambayi tsofaffin da ke dafa mana abinci. Ya ci jarrabawar baki, ya wuce aji uku, har ya zama in an yi baƙi shi ake tsayarwa ya yi jawabi.

Yau jikokina kan danna waya ta juya masu Turanci zuwa Hausa kafin ƙiftawar ido. Wasunsu ma Turancin ya fi zama a bakinsu, in na yi masu karin magana sai su dubi juna. Nakan tambayi kaina me Malam Iro zai ce da ya ga haka. Na tabbata wayar za ta burge shi, don mutum ne mai son sabon abu. Amma na san zai tambayi yaran ko sun fahimci abin da ta faɗa, ko kuwa karɓa kawai suka yi. Bai taɓa ɗaukar harshe na biyu abin ado ba, kuma bai yarda a sayar da na farko don a saye shi ba.

A gida kuwa abin bai yi wa Baba Sale daɗi ba. Ana ta raɗa a Tafoki cewa Nasara sun yi wa yaron wani abu, tunda yarensu na fita sumul, na ubanshi na maƙalewa. Haka ake ciki har hutun da ya biyo bayan kaka, muna aji huɗu, na je na yi kwana biyu wurinshi. Ran nan da safe aka yi shela cewa likitan dabbobi, wani Bature, ya sauka da ma'aikatanshi a fili bayan gari, za a yi wa shanu allurar rigakafin bushiya, cutar nan da kan share garke cikin kwanaki. Masu shanu suka taru ƙarƙashin wata ɗorawa, amma ba wanda ya koro ko maraƙi. Wasu ma tun jiya da suka ji ƙishin-ƙishin sun kora nasu daji.

Baturen ya tsaya ya yi magana mai tsawo. Tafintanshi ya juyo ya ce allura ce ta lafiya, ba abin da za ta yi wa dabba, kowa ya kawo nashi. Sai wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Malam, Bature ya auna mana tiya guda, kai ka miƙo mana tafi ɗaya. Ina sauran?" Tafinta ya ce ai shi ke nan abin da aka faɗa. Sai Baba Sale ya waiwayo inda muke tsugune a baya, ya ce, "Iro, an ce kana jin yarensu. Taso ka gaya mana."

Iro ya tashi. Ya gai da Baturen da Turanci, ya roƙe shi ya maimaita, ya yi mashi tambayoyi biyu, duk lafiya lau, har mutumin ya cire hularshi yana kallon yaron da mamaki. Sannan ya juyo ga dattawan garinsu, ga ubanshi, ga yayyenshi, inda wahalar take. Ya buɗe baki, kalmar farko ta ƙi fita. Ya runtse ido, jijiyar wuyanshi ta tashi, gumi ya karyo mashi. Wasu samari suka fashe da dariya. Na ga Baba Sale ya dubi ƙasa.

Iro bai zauna ba. Ya ja numfashi, ya fara ɗora Hausa kalma bisa kalma yadda yake yi wa Turanci, yana sarƙewa yana tashi. Ya gaya masu duk abin da likitan ya ce: bayan allura shanu za su yi zazzaɓi na 'yan kwanaki, za su rage cin ciyawa, nono zai ragu, kuma masu rauni, musamman ƙananan maruƙa, wasu na iya mutuwa. Amma wadda ta tsallake, bushiya ba ta kama ta. Ya ce za a tsaga kunnen kowace don shaida. Abin da mai baki lafiya zai faɗa cikin minti biyu, ya fi minti goma yana faɗa, kuma kafin ya kai rabi ba mai sauran dariya. Ban taɓa ganin taron manya ya jira yaro haka ba.

Da ya gama, dattijon nan ya ce, "To, yanzu muka ji magana mai kai da ƙafa." Baba Sale ya tashi ya tafi, jim kaɗan sai ga shi ya koro garkenshi gaba ɗaya, shi ne na farko. Wasu suka bi, wasu suka ce sun ji da mutuwa a ciki, ba da su ba.

Gaskiya ɗaci gare ta, kuma Iro ya ɗanɗana. Shanun suka kwanta da zazzaɓi yadda ya faɗa, maruƙa biyu na gidansu suka mutu, har muka koma makaranta yayyenshi ba su yi mashi magana ba. Sai da shekara ta zagayo bushiya ta ratso yankin. Waɗanda suka ɓoye shanu a daji, wasunsu sanda kawai suka dawo da ita gida. Masu tsagaggen kunne kuwa suna nan suna kiwo. Iro ya gaya man cewa da ya je gida bayan wucewar cutar, ubanshi da kanshi ya taro shi a hanya ya karɓi akwatinshi ya ɗora a ka. Bai ce komai game da shanu ba, shi ma Iro bai tayar da zancen ba.

Da zai dawo yau ya ga yankin nan namu, ban san yadda zuciyarshi za ta ɗauka ba. Garkunan da allura ta tsare wa kakanni, rashin tsaro ya raba jikoki da yawancinsu. Akwai azuzuwan da ya koyar a ciki da sukan yi watanni a kulle, iyaye na fargabar tura 'ya'yansu. Shi da aka miƙa wa boko don ana ganin ba shi da amfani, zai yi wuya ya fahimci zamanin da yaro ke son karatu hanya ta hana shi. Sai dai ban san shi da zama ya yi ta ƙorafi ba. Ina jin da tabarma zai shimfiɗa a zaure ya tara na kusa ya fara daga baƙaƙe.

In aka ce me ya bari, ba gini ba ne. Ɗalibanshi ne, waɗanda yanzu su ma furfura ta kama su, malaman asibiti da na gona da na makaranta, da za ka gane su da abu ɗaya: in suna yi wa mutumin ƙauye bayanin takarda, ba sa rage mashi komai, mai daɗi da marar daɗi. In'inarshi kuwa ba ta taɓa barin shi ba, da ita ya koyar, da ita ya koma ga Ubangijinshi.

Akwai abin da na riƙe shekaru ban faɗa ba, sai a ciwonshi na ƙarshe da na je duba shi. Na ce, "Malam Iro, ran nan ƙarƙashin ɗorawa ni ma na ji duk abin da Baturen ya ce. Na san an rage magana, ga bakina lafiya, amma tsoro ya hana ni tashi." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya kamo hannuna, ya yi kokawarshi da kalmomi yadda ya saba, sannan ya ce, "Na sani, na ga fuskarka. Amma da kai ka tashi, Lawal, da ba su yarda ba, bakinka ya cika santsi. Ni kuwa sun san mai in'ina ba ya ɓarnar numfashinshi a kan ƙarya."

Allah Ya jiƙan Malam Iro, Ya haskaka kabarinshi, mu kuma da muka rage Ya kyautata namu ƙarshen.