Mayen Ƙarfen Inna

Shekarun baya, lokacin da jiharmu ta Kebbi ba ta daɗe da samuwa ba, mu uku ne daga yankinmu muke karatun digiri na biyu a wata jami'a mai nisa, kuma babu wanda iyayensa suka san takamaiman abin da yake yi. Ni ɗan Aliero, aikina in tattara labaran da jaridu ke bugawa a kan sabuwar jiharmu, in buga su cikin kwamfuta, ita kuma ta ƙirga mini kalmomin da suka fi fitowa, da wa ake ambata, da wa aka manta. Abokina na Jega yana binciken maganaɗisu, yadda wasu ƙarafa ke riƙe ƙarfin jan nan da yadda suke sakinsa. Na ukunmu ɗan Maiyama, shi kam sai addu'a. Lissafi yake yi a kan wasu lanƙwasassun layuka da shi kaɗai ke ganinsu, har mukan ce aljanu yake wa awon gona.

A cikinmu ni ne mai baki. Ni ne na zamani, ni ne mai taɓa kwamfuta, ina tafiya kamar ƙasa ma alfarma nake mata. Kwamfutar kuwa guda ɗaya ce a sashenmu, layi ake bi, kuma duk abin da ka bari a cikinta gobe wani zai share. Saboda haka aikina na kusan shekara biyu yana kan ƙananan faifan nan baƙaƙe masu kusurwa huɗu, guda bakwai. Na sake kwafe su a wasu bakwai ɗin, ina ta yi wa mutane wa'azi cewa rigakafi ya fi magani. Abin da ban gaya musu ba shi ne, duka goma sha huɗun a leda ɗaya nake ɗaure su.

Shafukan jaridar kuwa, duk wanda na ciro nakan sa masa lamba da jan biro, in na buga shi in jefa buhu. Da buhun ya cika na kawo wa mahaifiyata, na ce, "Inna, na gama da su, ki yi ƙunshi." Inna irin albasa take sayarwa, kuma irinta ya yi suna har ƙauyuka. In bazara ta yi an sussuke iri, sai ta auna da gwangwani, ta ƙunshe a takarda, ta ɗaure da zare. Mai saye ya kai gida ya rataye a rufin ɗaki. A wurinmu ba a kwance ƙunshin iri sai ranar da za a zuba shi a ƙasa, don an ce irin da ya sha iska ya mutu.

To, sai aka shiga yajin aiki, aka rufe jami'a, muka dawo gida. Ranar da na iso na miƙa wa Inna ledar nan da hannu biyu, na yi mata jawabi kamar mai ba da sarauta.

"Inna, karatuna duka ga shi nan. Kada ruwa ya taɓa, kada rana ta gani, kada yara su yi wasa da shi."

Ta jujjuya ledar, ta ce, "Wanga ɗan abu shi ne shekara biyu? To, Allah shi sa albarka. Amana ce, na karɓa."

Na yi tafiyata yawon gari da hira a majalisa, hankalina kwance.

Bayan makonni aka sanar a rediyo cewa an janye yajin aiki, kuma duk wanda wa'adinsa ya cika, irina, ko ya miƙa kundinsa kafin ƙarshen zangon ko a soke sunansa. Ko a jikina. Na karɓi ledata, na hau mota sai Jega, inda akwai wani shago mai kwamfuta da janareta. Abokina mai maganaɗisu ya raka ni. Aka saka faifan farko, na'ura ta yi ƙugi, ta ce ba ta ga komai ba. Na yi dariya na ce ai shi ya sa ake kwafi. Aka saka na biyu, na uku, har na goma sha huɗu. An ce in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Wallahi gumin da ya karyo mini ranar har cikin takalmi.

Abokina bai ce sannu ba. Ya ce, "Mutumina, ina ka aje su?"

"Wurin Inna."

"Tashi mu tai in gani."

Muka iso gida, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce yana so ya ga inda aka adana faifan. Inna ta jawo adakarta, ta ƙarfe, wadda ko mu 'ya'yanta ba ma buɗewa. Nan take ajiye zannuwan da ta gada da duk abin da take ji da shi. Ta nuna masa lungun dama, tana murmushi, ta ce, "Nan ɗin ga. Har danne su na yi don kar su motsa."

Da me ta danne su? Da mayen ƙarfenta. Wani zagayayyen baƙin ƙarfe ne mai nauyi da aka ciro daga tsohuwar lasifika. Tun ina yaro na san shi, a jikinsa take manna allurai da basillar ɗinkin buhunan albasa, in allura ta faɗi ƙasa kuma da shi take lalubo ta. Abokina ya kalli ƙarfen, ya kalle ni, ya yi shiru. Can ya ce, "Inna, kin adana ƙwarai," muka fito.

A ƙofar gida ya yi mini bayanin da na daɗe ina ƙin saurara a makaranta. Ya ce abin da ke cikin faifan garin ƙarfe ne da aka jera shi daki-daki kamar fangalin albasa, maganaɗisu mai ƙarfi kuwa in ya kwana a kai, tamkar an kora garken shanu cikin fangalin ne. Ya ce, "Shekara biyu kana ce mani mai wasa da ƙarfe. Da ka tambaye ni sau ɗaya, da na gaya maka."

Na ji haushi, amma ba na Inna ba. Ni na lissafa mata ruwa da rana da yara, ita kuma ta ba abin wurin da ya fi kowane daraja a ɗakinta. Na koma ciki na ce mata, "Inna, faifan sun lalace. Zafin garin nan ne." Ta dube ni ta ɗan jima, ta ce, "Zafi ko? Allah shi kyauta."

Washegari na tafi Maiyama wurin mai lissafi, don na tuna ya taɓa cewa a fanninsu ɗigo kaɗan kan isa a gano layi gaba ɗaya. Na ce ko zai yi mini wata dabara in cike aikin da 'yan takardun da suka rage a gindin buhu. Ya saurare ni tsaf, yana tauna goro, sannan ya ce, "Mu in mun san irin layin, ɗigo kaɗan sun isa. Kai ko ba ka san naka layin ba, shi kake nema. In ka cike da ka, ƙarya ka rubuta. Ina sauran jaridun?"

Na ce suna rataye a ɗakunan manoma, da iri a ciki.

Ya ce, "To, ashe aikinka bai ɓata ba, rabon shi anka yi."

Na gwada da kaina, don har lokacin da sauran girman kai. Na je Jiga Birni da wando da riga da biro a aljihu, na sami wani dattijo da na san ya sayi iri wurin Inna, na roƙe shi ya kwance ƙunshinsa ya ba ni takardar. Ya kalle ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Ɗana, in kwance iri da bazara saboda takarda? Kai ko ka san abin da kake hwaɗi? Abincin gidanga na shekara ne rataye can." Gida huɗu na shiga, na dawo hannu rabbana.

Na tarar da Inna zaune a tsakar gida ta baje tsofaffin zannuwa tana yankawa. Ashe labarin yawon neman takarduna ya riga ni isowa gida. Kwana biyu tana ɗinka ƙananan jakunkuna. A na uku ta yafa mayafi ta ce, "Nemo muna mota. Kai dai ka riƙe bakinka, ni za ni magana."

Inna ba ta rubutu, amma ta san duk wanda ya karɓi ƙunshi a hannunta, da gidansa, da sunan matarsa. Muka koma Jiga Birni, gidan dattijon nan muka fara. Ta zauna suka gaisa har da tambayar jikoki, sannan ta ce, "Malam, irin nan nawa ne, ni na san shi. Cikin ɗaki za mu juye shi, a rufe ƙofa, ba shi shan iska. In bai fito ba, ni ce, kowa ya san gidana." Ka ji fa, sunan da ta shekara talatin tana tarawa ta aza a kan takarduna. Dattijon ya miƙe ya sauko da ƙunshin da kansa. Ta juye irin a jakar tsumma cikin ƙiftawar ido, ta ɗaure, ta miƙo mini takardar. Ga lambata da jan biro a kusurwa. Sai da na juya baya don kada a ga idona.

Haka muka bi Alelu, muka bi Karaye, muka zaga unguwannin Aliero, kwana tara. Wasu shafukan ɓera ya ci, wasu an riga an ƙunshe ƙosai da su, amma mafi yawa sun dawo, a lanƙwashe, suna warin albasa da hayaƙi. Muka tare a shagon nan na Jega, mai lissafi yana jera su bisa lamba yana karanto mini, ni ina bugawa, mai maganaɗisu kuma ya naɗa kansa mai gadin faifai, ko rediyo ba ya bari a matso da ita. Waɗanda suka ɓata na rubuta a kundin cewa sun ɓata, ban cike ko ɗaya da ka ba. Na miƙa aikin saura kwana biyu wa'adi ya cika, kuma na tsaya gaban malamai na kare shi ba tare da inda-inda ba, don kowane labari a ciki sau biyu ya bi ta yatsuna.

Irin ma ya fito, duka. Sai da na bi na tambaya, don da bai fito ba, ban san da wane ido zan kalli Inna ba.

Bayan an gama komai na dawo gida da takardar shaida. Wata safiya na fito na ga Inna durƙushe a tsakar gida, tana shafa ƙasa da tafin hannu, ta ƙanƙance ido. Allura ce ta faɗi. A gefenta ga wani ɗan tsumma da ta soke sauran alluran a jiki.

Na ce, "Inna, ina mayen ƙarfenki?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na ba maƙeri tun ranar da abokinka ya dibi adakata ya yi kurum. Yaron kirki ne, amma fuskarshi ba ta iya ɓoyo ba. Kai ka ce mani zafi ne, ni ko na bar ka da zafinka, don na ga kana son ka rufa mani asiri."

Na durƙusa kusa da ita muka ci gaba da neman allurar.

Yau ina koyarwa, ɗalibaina suna tara labarai masu yawan da ni a lokacin ko a mafarki ban gani ba, kuma nakan takura musu su ajiye aikinsu wuri uku, su kuma riƙa tambayar na ofishin kusa abin da yake bincike, ko da suna ganin wasa da ƙarfe yake yi. Suna cewa na cika tsanani. Ban damu ba, na san abin da na gani. Amma abin da ya fi zama mini a rai ba faifan ba ne. Ni na ɗauka ina kare tsohuwa daga abin da ba za ta gane ba, ashe ta riga ni ganewa, ta yi shiru, ta ɗauki almakashi.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Adakar tana ɗakina yanzu. A lungun dama na ajiye shafin nan na farko da dattijon Jiga Birni ya sauko da shi, kuma da tsumman alluranta na danne shi.