Mun Je Sayen Murhu, Mun Bar Tukunya a Gida

Ana sallame sallar asuba muka bar ƙauyenmu Guna, ni da yayana, za mu Damagaram sayen murhun ƙarfe. Tun a ƙofar gida muka fara faɗa. Na ɗauko tukunyar tuwon Inna, mahaifiyarmu, don a gwada murhun da ita, ya rantse ba zai shiga gari da mace ɗauke da baƙar tukunya ba. Ya faɗa madafa, wurin da rabonsa da shi tun yana goye, ya auna tukunyar da igiya, ya ƙulla, ya jefa a aljihu.

Bari in gaya muku abin da ya tashe mu. Farin nan bai bar mana ko karan gero ba, shanun da muke hura wuta da kashinsu sun mutu, itace kuwa sai ni da Inna mun yi wuni a daji mu samo dami ɗaya. Murhunmu na duwatsu uku ya lashe shi a kwana biyu, rabin wutar ma iska ke sha. Yaya ya ce ya gaji da ganin tsohuwa tana dawowa a duƙe, zai sare gawon gonarmu. Gawon nan fa ƴaƴansa ne abincin awaki biyun da suka rage mana, nononsu kuma shi ke riƙe da Inna. Da ƙyar na shawo kansa a fara gwada murhun da ake yabo a rediyo, mai tsimin itace.

Kamyon da muka samu, babbar motar kaya, fatu ya ɗauko, fatun shanun da yunwa ta kashe. A kansu muka zauna, ƙudaje suka rako mu har gari ba su biya ko dala ba. Sau uku motar tana tsayawa a ba ta ruwa, mu da muka biya ba a tambaye mu ba. Hagu da dama kututture ne inda na san itatuwa, ga mata suna haƙar saiwa, ga makiyaya sun nufi kudu da sanduna ba dabba a gabansu.

Mun sauka da hantsi. Damagaram tana nan da duwatsunta da ƙishirwarta, bokitai sun yi layi a bakin famfo tun kafin masu su su zo. A bakin kasuwa na ga ana kasa itace ƙwaya uku-uku kamar rogo. Muka bi ƙarar guduma har wurin maƙera, inda ake yanka tsofaffin tano, gangunan ƙarfen nan na mai, ana mayar da su murhu, manya da ƙanana.

Maƙerin bai ma gama amsa gaisuwa ba ya ce, "Ina tukunyar?"

Na juya na kalli Yaya. Ya zaro igiyarsa da alfahari.

"Malam, bakin ka auna ko cikin?" in ji maƙerin.

"Tukunya ai tukunya ce," in ji Yaya.

Na ce tamu ta ƙasa ce, mai ƙaramin baki da ƙaton ciki. Maƙerin ya ce nasa an yanka su ne don tukunyar ƙarfe mai lamba, gara mu koma mu kawo tamu. Yaya ya ɗaga wani ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa shi kamar mai sayen kankana, ya ce wannan ya yi. Ya biya, jikka guda ta tafi.

Da azahar muka biya unguwar Birni gaida ƙawar Inna, wata tsohuwa Babarbariya. Ta ba mu tuwon jar dawar nan ta taimako da miyar kuka. Na bi ta madafa, sai na ga tukunyarta a nutse cikin laka har wuya, ƙofa ɗaya tak, itace biyu ke ci. Na leƙa, ashe duwatsu uku ne a ciki.

"Ɗiyata, duwatsun aurena ne," ta ce, "riga kawai na yi musu."

Ta ce ƙasar suri ce da ƙaiƙayi da kashin jaki, a gina a jikin tukunyar, a bar tazarar yatsa. Na kira Yaya ya gani, ya ce laka muka baro a gida, ba ita ta kawo shi birni ba.

Mun iso gida da magariba. Washegari na ɗora tuwo. Cikin tukunya ya ƙi shiga, ta zauna a saman murhun tana rawa. Da na sa muciya na fara tuƙi, ƙarfen ya kife, tuwon gida duka ya bi rairayi. Inna ta durƙusa tana tsince na sama-sama a ƙwarya. Wallahi na yi kuka. Yaya ya ɗauko gatari ya zauna yana wasawa.

Na ce, "Yaya, don Allah ka ba ni mako guda."

Ya jingine gatarin. Na sari suri, na kwaɓa da ruwan wanke-wanke don na sha ba ya ragowa, ni da Inna muka yi wa duwatsunta riga. Da ta bushe na tuƙa tuwo da ƙarfina duka, tukunya ko motsi. Damin da ke mana kwana biyu, yau kwanansa huɗu da saura.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, duk ranar da za a sake zaɓen abin madafa, tukunyata tana bisa kaina da baƙinta, wanda ya ji kunya ya bi wata hanya. Murhun ƙarfen yana nan, Yaya na dafa shayi a kai, yana gaya wa maza a ƙofar masallaci cewa shi ya kawo dabarar laka daga birni. Na ƙyale shi. Ɗazu na dawo daga gona da ƙwarya cike da ƴaƴan gawo, awaki suka tarye ni tun daga bakin darni.