Giginyar da Muke Kira da Ita

A shekarar da gwamnatin soja ta mayar da tuƙin mota hannun dama, shaho ya addabi tantabarunmu a Ƙofar Atiku. Ina tuna wata safiya ina dakan bagaruwa a zaure, don mahaifina majemi ne, sai na ji Yohanna, ɗan malamin firamaren da ke haya a bayanmu, yana ihu daga kan soronsu. Na yar da taɓarya na hau namu soron da danƙo a hannu. Yana cewa ga shi nan a hannun dama, na juya damata, ashe tasa damar yake nufi. Kafin in waiwayo, gashin farar tantabarata ne ke saukowa a tsakar gida.

Mu uku ne masu kiwon: ni, da Yohanna, da Ummaru ɗan gidan masu hatsi. Tukwane muke kafa musu a jikin katanga, mu tsinto musu gero a inda aka auna, mu sauya musu ruwa kafin mu tafi aike. Kowa na da soronsa, kuma kowane soro da inda ya fuskanta. Idan ɗaya ya ce bayanka, ɗaya gabansa ne. Haka muka yi ta asara, har Baba ya gaji. Ya ce shi ba zai zuba ido ana kiwata wa shaho abinci a gidansa ba, ran da aka sake ɗaukar ko ɗaya, sauran duka tukunyar miya za su shiga. Baba ba ya maimaita magana.

Da yamma muka zauna a bakin kududdufi muna zargin juna. Ummaru ya ce Yohanna bai san dama da hagu ba, kamar direbobin garin nan da suka rikice. Yohanna ya ce ai shi damarsa ya faɗa. Ummaru ya harare shi ya ce, "Damar wa? Taka ko tau? Kai da kanka kamar tulu." Muna cikin haka na ɗaga kai na ga giginyar da muke zaune a gindinta. Ita kaɗai ce doguwa a unguwar, kuma babu soron da ba a hango ta. A nan muka yanke cewa daga yau ba mai kira da jikinsa. Da giginya za a kira. Gabas da yamma kuwa ko yaro ya san su saboda alƙibla, Yohanna ma ya sani don kullum yana ganin inda muke fuskanta. Sai a ce giginya, a faɗi ɓangare, a ce sama ko ƙasa da kanta, kusa ko nesa. Wanda ya ji sai ya nemi giginya da ido, ya auna daga nan.

Abin ya yi aiki. Da an ce giginya kudu, sama, nesa, sai mu uku mu juya wuri guda, mu buga gwangwani, mu saki tsakuwa, tantabaru su faɗo cikin tukwanensu. Har wasan jirgin yaƙi muka mayar da shi, muna baza hannuwa muna gudu a kan soro, Inna tana faɗa kada mu rusa mata rufi.

Da kuɗin mai suka shigo, sai aka fara fasa hanyoyi. Wata rana muka tarar an shafa wa giginya jan fenti. Muka kankare shi da fasasshen kasko, aka sake shafawa, muka sake kankarewa. Mai unguwa ya aiko a ja mana kunne, ya ce aikin gwamnati ne, kuma zamanin soja ba a musu. Ran da katafila ta zo, muna tsaye muna kallo har giginya ta kwanta, aka cike kududdufin da ƙasa. Da dare Baba ya ce tunda abin kiran namu ya faɗi, gara in ba Inna tsuntsayen tun shaho bai riga ta ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, itacen sunka sare. Mu mun san inda take."

Da safe na ga wuƙarsa a kan dakali.

Shaho bai daɗe ba ya dawo. Ni na fara hango shi, ya yi ƙasa-ƙasa yana bin inuwar katanga. Na dubi inda giginya take, babu komai sai sarari da tulin jar ƙasa. Duk da haka na buɗe murya na ce, "Giginya arewa, ƙasa, kusa." Ummaru da Yohanna suka juya lokaci guda kamar tana tsaye. Gwangwani ya ɗauka, tsakuwar Ummaru ta wuce ta gefen fiffiken shahon, ya karkace ya yi sama hannu wofi. Leburorin hanya suka yi ta dariya, wai yara na kiran itacen da babu. Baba yana ƙofar zaure ya ga komai. Ya ɗauki wuƙarsa ya koma kan fatunsa, bai sake tayar da zancen ba. Mun ci gaba da kira da giginya har kwalta ta rufe gindinta.

Yanzu ina zaune a unguwar Arkilla. Kwanan baya na dawo daga ajin yaƙi da jahilci na tarar da ɗana Bello yana wasan jirgin yaƙi a kwamfuta da abokansa na wasu garuruwa. Na ji yana kiran inda abokin gaba yake, na tambaye shi daga ina yake aunawa. Ya nuna mini wani ɗigo, ya ce wuri ne da suka amince da shi su duka, ba kowa a wurin, ba komai. Na ce masa na san irinsa.

Idan na bi ta titin nan, har yau ina iya tsayawa daidai gindinta, motoci na yi mini oda. Abin da hanyar ta ci ba shi da wuyar ƙirgawa: giginya ɗaya, kududdufi ɗaya, sorayenmu uku, da Yohanna da aka yi wa babansa canjin wurin aiki ban sake jin labarinsa ba. Tantabara kuwa ko ɗaya ba mu ba ta ba.