Turmin da Na Kife a Ƙarƙashin Motar Malam

Shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi, Wudil ta cika da sababbin abubuwa. Wanda bai taɓa mallakar keke ba ya sayi babur, masu babur kuma suka koma neman mota. Maigidana malamin gona ne, kullum yana kan hanya tsakanin Utai da Indabo da Lajawa yana koya wa manoma zuba takin zamani, shi ma bai yarda a bar shi a baya ba. Ran wata Alhamis ya tafi Kano a motar haya, da la'asar sai ga shi yana tuƙa tasa, fara, wadda wani ya riga ya ci ƙuruciyarta.

Ban ƙi motar ba, kada a yi mini sharri. Har guɗa na yi. Abin da ya fara sosa mini rai shi ne inda aka ajiye ta. Malam ya ce ba za ta kwana a waje ba, aka fasa katangarmu ta gabas, aka sa ƙyauren kwano, aka shigo da ita gindin darbejiya, daidai inda nake daka da wanke-wanke. Ni da turamena aka matsar da mu kusa da madafi. Ƙasar gindin bishiyar nan kuwa na san ta kamar tafin hannuna: rairayi ne irin na garinmu na bakin kogi, ga shi ya sha ruwan wanke-wanke shekara da shekaru. Sama ta bushe, ƙasa lagwada.

Malam mutum ne mai son kwance abu. Rediyo, agogon bango, fitilar aci-balbal, babu wanda bai buɗe cikinsa ba, kuma yawanci yakan mayar, ko da noti ɗaya zai yi saura. Hanyoyin ƙauye ba sa raga wa mota, yau salansa, bututun hayaƙi, ta saki, gobe baƙin mai yana ɗiga. Don haka kowace Lahadi da hantsi sai ya tuɓe riga, ya shimfiɗa tsohon buhun taki, ya fito da jak da sifanoni.

Ranar da na fara ganinsa a ƙarƙashin motar, na fito ne da ƙwaryar gero a hannu. Ban ga komai nasa ba sai ƙafafu biyu. Ya cire tayar baya ya jingina ta da katanga, motar ta karkace, duk nauyinta yana kan wani siririn ƙarfe da bai fi muciyata kauri ba. A lokacin ina da cikin fari, wata biyar.

Ni 'yar masassaƙi ce. Babana yana sassaƙa turmi da akushi a bakin kogi, shi ne kuma ke gyara wa masunta kwalekwale. Tun ina ƙarama nake kai masa fura, nake ganin yadda yake yi in zai toshe gindin jirgi. Ba ya taɓa sa ko hannu a ƙasa sai ya tura gungume biyu, ya girgiza jirgin da ƙarfinsa, ya ga bai motsa ba. Sandar da aka ɗaga jirgin da ita, in ji shi, aikinta ya ƙare da ɗagawa, riƙewa aikin gungume ne. Kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka, kuma kowa a gidanmu ya san jirgin da ya sauke ta tun yana saurayi.

Na tsuguna na ce, "Malam, don girman Allah fito."

Ya ce, "Miƙo min sifanar can."

"Ba zan miƙo ba sai ka fito. Me ke riƙe da motar nan?"

Ya turo kai waje, duk fuskarsa maiƙo, yana dariya. "Jak mana. Wannan ƙarfen Turawa ne, waɗanda suka ƙera motar su suka ƙera shi. Ba kwalekwalen Baba ba ne."

Maganar ta yi mini zafi, ban ɓoye ba. Na ce Turawan ba su taɓa ganin gindin darbejiyar nan ba, ni na gani. Ya ce in je in ji da geron da zan daka. Na tafi, amma daka ba ta yiwu ba, duk bugu ɗaya sai na waiga.

Na yi mako guda ina mita, a wajen cin tuwo, a wajen miƙa ruwan alwala. Da ya gaji, Lahadin da ta biyo baya sai ya ɗauko bulo biyu daga ragowar na gyaran katanga, ya ɗora ɗaya kan ɗaya a ƙarƙashin motar, ya dube ni ya ce, "To, uwar 'yan tsoro, hankali ya kwanta?" A shekarun nan kowa gini yake yi, masu buga bulo sauri suke, yashi ya fi siminti yawa nesa ba kusa ba. Na jawo bulo na uku daga tarin, na ɗaga taɓarya na sake ta a kansa, ba ma da ƙarfi ba. Ya dagargaje kamar ƙanzo. Na ce, "Wannan taɓarya ce kawai, Malam."

Ya yi fushi, irin fushin namiji da aka nuna wa gaskiya a tsakar gidansa. Ya ture bulon gefe ya shige da jak kaɗai, wai gara haka.

Cikin kayan da Baba ya yi mini na aure akwai turmi biyu, babba na surfe da gajere na jajjage, dukansu na kirya. Gajeren nan nauyi gare shi kamar dutse. Na gangaro shi har gefen motar, na kife shi, faffaɗan bakin a ƙasa don kada ya nutse, na fara tura shi ciki. Malam ya tokare shi da ƙafa.

"Ke wai lafiya? Turmi? Abokaina suna leƙowa nan, so kike a ce malamin gona yana gyaran mota da turmin matarsa? Gobe a ofis da me za a kira ni?"

"Su kira ka da duk abin da suka ga dama, muddin kana amsawa."

Bai yarda ba. Lahadi uku muna haka, ina turawa yana turowa. Na yi kuka, na yi roƙo, na haɗa shi da Allah da Annabi, na ɗaure fuska kwana biyu. Na yi tunanin kai ƙararsa wurin Baba, sai na ga in na yi haka na kunyata shi gaban surukinsa, kuma kunya takan ƙara wa Malam taurin kai ne. Amma na riga na ƙudura a raina, abin da ke cikina ba zai zo duniya a nuna masa mota a ce ga abin da ya kashe ubanka ba.

Lahadi ta huɗu ban taɓa turmin ba. Na bari ya ɗaga motar, ya shige, ya fara ƙwanƙwase-ƙwanƙwasensa. Sai na ɗauko tabarma da faifan shinkafa, na shimfiɗa a gefen da ya cire taya, na zauna da ƙyar, na miƙe ƙafafuna biyu har cinya a ƙarƙashin motar, na fara tsintar tsakuwa. Ƙarfen motar yana daidai saman gwiwoyina. Tsoro nake ji, amma na ci gaba da tsinta.

Da ya juyo ya gan ni, muryar da ya yi ban taɓa jin ta ba. "Ke! Janye ƙafarki! Fita daga nan!"

Na ce, "Inuwa ce a nan, Malam."

"Ba ki da hankali ne? In ta faɗo fa?"

"Me zai faɗo da ita? Ai ƙarfen Turawa ne."

Ya fito da jan ciki, ya kama hannuna ya ja ni baya da tabarmar gaba ɗaya, shinkafa ta watse. Yana huci yana kallona, ni ma ina kallonsa. Na ce, "Abin da ka ji yanzu, shi nake ji duk ranar Lahadi tun safe har azahar." Ya tsaya can, ya goge hannu da tsumma, sannan ya je da kansa ya gangaro turmin, ya kife shi, ya nemi wurin ƙarfe mai kauri kusa da inda zai kwanta ya saita shi. Abin da ya ce kawai shi ne in kame bakina, kada mata su ji. Na ce ban yi alkawari ba.

Abokansa sun gani, sun kuma yi dariya har da riƙe ciki. Wani ya tambaye shi ko zai ara masa taɓarya. Malam ya shanye. Ni kuwa duk Lahadi miyata ba jajjage, sai dai in niƙa a dutse, kuma ban taɓa jin daɗin niƙa kamar lokacin ba.

Da damina ta sauka, an yi ruwa kwana biyu a jere, ran Asabar ya dawo daga Lajawa salansa tana jan ƙasa. Washegari rana ta fito, saman ƙasa ya bushe, ya ɗaga motar kamar kullum. Ina madafi ina hura wuta na ji yana kokawa da wani noti da ya ƙi kwancewa, yana ja yana nishi. Sai na ji ƙara guda biyu a jere, ta ƙarfe, sannan ta itace, kamar an sara gatari a kututture.

Ban san yadda na isa wurin da cikin nan ba. Gindin jak ya nutse ta gefe ɗaya, ya kwanta a ƙasa. Motar ta sauko ta zauna kan turmi. Ƙafafun Malam ba sa motsi. Na kira shi da sunansa na yanka, sunan da ban taɓa faɗa ba tun da aka ɗaura mana aure.

Daga ƙasa na ji, a hankali, "Na'am. Kada ki taɓa motar."

Ya zamo da baya kaɗan-kaɗan har ya fito. Ƙarfen ya ɗan kurje masa ƙirji, ya bar baƙin layi a kan singiletinsa, shi ke nan. Ya zauna a ƙasa yana salati, ni na durƙusa ina kuka ina zaginsa da duk zagin da ya halatta ga mace ta yi wa mijinta. Turmin ya tsage daga gindi har kusan baki, amma bai rabu ba.

Da yamma Malam ya sa babbar riga, ya tafi bakin kogi a ƙafa. Ban san me ya gaya wa Baba ba. Washegari Baba ya zo gidanmu, shi da bai taɓa wuce zaure ba saboda kunyar surukuta. Ya duba wurin, ya danna ƙasar da diddige. Ya sa yatsa cikin tsagar turmin, ya dube ni ya ce, "Kin yi ƙoƙari, amma Allah ne ya tsare. Turmi rami ne da shi a ciki, ba a yi shi don wannan ba." Sannan ya juya ga Malam ya ce, "Kwanta."

Malam ya ɗauka bai ji daidai ba. Baba ya sake cewa, "Kwanta nan, rigingine." Haka malamin gona ya kwanta kan tabarma a gaban surukinsa, ya rufe ido don kunya, Baba ya tsuguna ya auna kaurin ƙirjinsa da taƙi, ya ƙara tafin hannu guda a sama, ya karya kara daidai tsayin. Na shige ɗaki na toshe baki da gefen zane.

Bayan kwana huɗu aka kawo gungumen kirya biyu a kan jaki, dunƙulallu, sama da ƙasa a shafe, da katako mai kauri na ɗora jak, da waigi huɗu na tare tayoyi gaba da baya. Baba ya sa aka kwashe rairayin wurin, aka zuba marmara aka daɓe. Daga ranar Malam bai sake shiga ba sai ya ja birkin hannu, ya sa giya, ya sa waigi, ya sauke motar kan gungumen, ya girgiza ta da hannu biyu, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Zan shiga!" Ni kuma in amsa daga duk inda nake. Daga baya ma da ya zauna ya karanta ɗan littafin da ya zo da motar, ya same ni a madafi ya ce ashe su ma Turawan sun hana shiga ƙasa da jak kaɗai. Na ce ai sai ya gaishe su.

Ban yarda an faskara turmin an sa a wuta ba. Yana nan a ɗakina, ina zuba tsummoki a ciki.

Na haihu kafin a gama girbin gero, mace. Da dakan suna ya zo, sai da aka aro turmin jajjage a maƙwabta, mata suna ta tambayar ina nawa mai kyan nan na kirya, na ce ya tsage a wurin aiki. Abin da ban gaya musu ba shi ne, ranar da aka haife ta, da aka wanke ta aka naɗe, an miƙa ta ga ubanta. Ya rungume ta daidai inda ƙarfen ya kurje shi, ya sunkuya ya yi mata kiran salla a kunne da bakinsa.