Kibiyar da na zana a allon Mushe Abdu

Har gobe ban manta da Larabar da aka kira ni gaban aji saboda alli ba. Ku da kuka kama aikin shara bayana kuna jin ana ce mini Saratu Mai Kibiya, kuna dariya, ba ku san mafarin sunan ba. To ga shi.

A shekarar da aka karya darajar sefa ne. Kuɗin yuraniyom ya daɗe da faɗuwa, kamfani na ta rage mutane. Maigidana Ishaya, direban bas ɗin ma'aikata, an sallame shi tun kafin Kirsimati. Buzayen da fari ya cinye wa dabbobi sun cika unguwar bukkoki tare da mu a nan Arlit, ga tawaye a daji, mota ba ta zuwa Agadas sai cikin ayari da rakiyar soja. Ɗana Dauda yana wata tara, nonona ya ja baya, da madarar gari nake cika masa ciki. Albashina ne kaɗai tukunyar gidan.

Mu masu shara mu ne ƙasan kowa a matsayi. Ba a ɗaukar mu dindindin, duk wata uku ake sabunta takarda. Mu uku ne a ɓangaren biro, wato ofisoshi, kuma Shef Hamidu, mai kula da ma'aikata, ya riga ya faɗa mana ƙarshen wata biyu za a bari. Tun ranar ko tsintsiya ta faɗi sai gabana ya faɗi.

Ni aka ba ɗakin horo. A lokacin kamfani ya ɗauko wani malamin jami'a daga Yamai, Mushe Abdu, wato Malam Abdu da Faransanci, mutumin Damagaram, ya yi sati uku yana koya wa akawuna karatun shekarar farko kan tattalin arzikin duniya da cinikin ƙasa da ƙasa. Su za su je Yamai jarrabawa. Ka'idar ɗakin a bayyane take: in an tashi da ƙarfe biyar in share, in goge allo. Amma in malami ya ja layi ya rubuta a kusurwa cewa kar a goge, ba a taɓawa, sai dai a kaɗe ƙurar gefe. Aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, a Maradi, wannan rubutun dai na san shi.

Ran Talata ya bar taswira da rubutun kusurwa. Ina kaɗe gefe na tsaya kallo. Ga Arlit. Ga kibiya rawaya ta gangara Tawa har Kwatano, ta faɗa teku, wato gangunan yuraniyom na kamfani ke nan. Ga fararen kibau suna hawowa ta wannan hanyar, shinkafa da sukari da ƙarafan inji. Na ɗaga ido arewa, wajen Asamaka, bakin iyakar Aljeriya: wayam.

Na ce a raina shi ke nan, tsummana ya goge kibiyar arewa. Ai ba yadda za a yi malamin jami'a ya zana abin da ke shigo wa Arlit ya bar hanyar Aljeriya. Na duba tsumma, ga farin alli a jiki. Na leƙa waje, ba kowa. Na ɗauki alli na ja kibiya daga sama zuwa Arlit. Ta fito a karkace kamar ƙahon akuya. Na ajiye alli na tafi gida.

Washegari ƙarfe uku da kwata Shef Hamidu da kansa ya zo ya ce ana nemana a aji. Akawu goma sha biyu suka zuba mini ido.

Mushe Abdu ya nuna allon. "Baiwar Allah, ke kika yi wannan?"

Na durƙusa. "Ni ce, Mushe. A yi mini aikin gafara. Taka na goge ba da gangan ba, shi ne na mayar."

"Tawa wace?"

"Ta arewa."

Ya dubi allon, ya dube ni. "Ai ban zana komai a arewa ba."

Aji ya fashe da dariya. Agali, wani akawun sito mai tsokana, ya ce, "Mushe, an yi maka gyara kyauta! Madam Saratu, nawa ne kuɗin shiga ajinki?"

Shef Hamidu bai yi dariya ba. Na ce a raina takardata ta ƙare. Amma mamaki ya fi ƙarfin tsorona, bakina ya suɓuce: "To in ba ta nan, Mushe, madarar Dauda daga ina take zuwa?"

Ya ce in tashi in faɗa masa. Na ce ni dai abin da na gani na sani. Tun da sefa ta faɗi, gwangwanin madarar Faransa ya fi ƙarfin irinmu, kowace uwa a bukkoki ta Aljeriya take damawa. In ayarin kudu ya yi jinkiri shinkafa ta ɓace a kasuwa, taliya da dabino da man girki na arewa ke riƙe gari. Kamyon da ya kawo su kuma, wato babbar motar kaya, ba ya komawa wayam, tumaki da raƙuma da lalle yake ɗauka.

"Ashe kibiyar taki kai biyu gare ta," in ji shi. Ya miƙo mini alli. "Ƙarasa."

Na ƙara mata kai a sama. Ya juya ga ɗalibansa. "Dukanku kun san haka?"

Suka ce sun sani, wa ke cin abinci a Arlit bai sani ba?

"Jiya da na zana me ya hana ku magana?"

Agali ya sosa rawani. "Mushe, ba ya cikin littafi. Ba za a tambaye mu a Yamai ba."

Mushe Abdu ya yi dariya har da riƙe teburi. Ya ce yawancin wannan cinikin ba ya shiga takarda, shi ya sa mai littafi bai gan shi ba, shi ma da ya zo ta jirgi bai gani ba. Ya roƙi Shef a ba ni izinin safiyar Alhamis in tattaro masa gwangwanaye da kwalayen da aka yar a unguwarmu.

Buhu guda na kawo, duk na wanke su. Ranar ba a buɗe littafi ba. Kowa ya ɗauki gwangwani yana karanta ƙasar da aka yi shi, ana sa alama a taswira: tumatirin Italiya, shayin Sin, ashanar Najeriya, buhun shinkafa daga can gabas mai nisa. Wanda rubutunsa ya kankare sai a ɗaga a ce, "Madam Saratu, wannan ta wace hanya?" Ni kuwa da kalar murfi nake gane su. Agali ya share mini kujera da gefen rawaninsa, wai ta babbar malama.

Ƙarshen wata aka manna takarda a ƙofar biro. Na kasa dubawa, sai da Shef Hamidu ya wuce ya ce, "Ke, tafi ki ɗauki tsintsiyarki. Amma kar in sake jin kin taɓa alli sai an miƙo miki." Ta ukunmu ma ba a kore ta ba, ɗakin girki aka mai da ita. Ba zan ce kibiyata ce ta cece ni ba, Allah ne. Sai dai daga baya na ji Mushe Abdu ya je biro ya yi magana.

Abin da na koya shi ne, mai shara yana shiga ɗaki bayan kowa ya fita, yana ganin abin da aka bari da abin da aka manta. Ku kiyaye ka'ida, amma kar ku rufe ido. Kuma akwai mai ilimin da ba ya jin kunyar a nuna masa gurbin da ya bari.

Ranar da zai koma, Mushe Abdu ya goge taswirar da hannunsa, teku da Kwatano da komai. Ya bar karkatacciyar kibiyar nan ita kaɗai a tsakiyar allo, ya miƙo mini tsumma.

"Wannan ba tawa ba ce," ya ce. "Sai mai ita."